Yarinyar da Ake Kira Timiya

Ranar jajibirin suna, da la'asar, tsakar gidan Hajiya Zainabu da ke Matameye ta cika da mata. An girke manyan tukwane a bayan rumfa, ana surfen geron fura, ragon suna kuwa yana ɗaure a gindin dogonyaro yana cin harawa. Hajiya na zaune bisa tabarma tana ƙulla goron rabo. Ba ta yarda kowa ya taya ta ba, domin ta ce hannun yaran yanzu bai san daidai ba.

A ɗakin kusurwar gabas surukarta Fadila ke jego. Shekara biyar ke nan da aurenta da Yunus, ɗan Hajiya na fari, ma'aikacin jinya wanda kowa ke kira Majo. A sanin dangi, wannan 'yar ita ce haihuwarsu ta farko.

Jannatu, autar Hajiya, 'yar makarantar sakandare ta lise, ta fito daga ɗakin mai jego ɗauke da kwano. Hanifa maƙwabciya, mai tuyar ƙosai, ta tare ta.

— Ke da kike shiga da fita, ba ki jiyo mana sunan ba?

Al'ada ita ce a ɓoye suna har sai liman ya faɗa, amma bakin Jannatu ba ya riƙe magana.

— Na ji mana. Timiya.

— Wace?

— Timiya, garin nan na cikin duwatsun Abzin inda Yaya Majo ya yi aiki. Ni dai ya yi mini. Shik ne wallahi, na 'yan gayu, kamar sunan turare.

Aka dakata da daka. Hanifa ta riƙe haɓa, ta ce:

— To madalla. In sun ƙara sai a sa Kantche, ta uku Magariya. Kafin shekara goma gidan nan ya zama tashar mota.

Mata suka kwashe da dariya. Wata ta ce da dai Madina ce ko Marwa, da an san inda aka dosa. Wata kuma ta rage murya, amma yadda kowa zai ji, ta ce:

— Ku dai bari. Ƙila wata Buzuwa ya baro a can, yake son ya riƙa tunawa da ita a gaban matarsa.

Hajiya Zainabu ba ta yi dariya ba. Ta ƙulle goron da ke hannunta, ta aika a kira mata Yunus, a kuma kira Alhaji Cha'ibu, ƙanin marigayi mijinta, wanda shi ne zai raɗa wa liman suna da safe.

A ɗakinta suka zauna. Yunus ya durƙusa kusa da ƙofa.

— Na ji wata magana a tsakar gida, in ji Hajiya. Ina so in ji ta daga bakinka. Me ke Timiya, da har za a yanka rago da sunanta?

Yunus yana da amsa, amsar ce kuma ba ya iya faɗa.

Shekara uku kafin nan, lokacin da yake aiki a wani ƙaramin ɗakin shan magani a Timiya, Fadila ta samu cikinta na fari. Da ya kai wata bakwai Hajiya ta kira shi a waya sau uku tana cewa ya maido yarinya gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai cikin fari. Yunus ya yi ta ɗagawa. Ba ya son rabuwa da matarsa, yana kuma ganin tun da shi ma'aikacin lafiya ne babu abin da zai gagare shi. A wata na takwas ruwan sama ya sauko daga duwatsu, koramu suka cika, hanyar Agadas ta yanke. A cikin makon nan naƙuda ta zo. Aka haifi 'ya mace, ƙarama ƙwarai, tana bukatar kulawar da babu ita a ƙauye. Kwana biyar ta yi. An bizne ta a bayan lambunan garin tun ba a kai ga ranar suna ba.

Da waya ta samu, Yunus ya kira mahaifiyarsa. Da ya ji muryarta sai tsoro ya kama shi, ya ce ciki ne ya zube. Hajiya ta ce Allah ya mayar da alheri, maganar ta tsaya nan. Fadila na zaune kusa da shi sa'ad da ya faɗi haka. Ta dube shi, ta kau da kai. Wata tsohuwar Buzuwa mai suna Maryama ce ta yi mata wankan jego kwana arba'in cur, matan garin suna kawo mata cuku da dabino suna zama da ita, ko da yake rabin maganarsu ba ta ji. Da aka maido su Matameye, Fadila ba ta taɓa ƙaryata mijinta ba. Abu ɗaya kaɗai ta roƙa: in Allah ya sake ba su mace, a kira ta da sunan garin da yayarta ke kwance. Yunus ya yi alkawari. Ranar da aka haifi wannan, da bakinsa ya yi mata kiran salla a kunne, ya raɗa mata Timiya.

Duk wannan yana cikin ƙirjinsa sa'ad da Hajiya ke jiran amsa. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne:

— Gari ne da muka ji daɗin zama da mutanensa, Hajiya.

— Ni ma na ji daɗin zama a Zinder shekara tara. Ka ji na sa wa ƙanwarka Damagaram?

Alhaji Cha'ibu ya gyara zama.

— Yunus, suna riga ce da ba a tuɓewa. Yarinyar nan za ta shiga lakkwal ta yi boko, za ta yi aure, da sunan za a ɗaura. Tun yau ka ji abin da mata ke faɗi, ba a ma yanka ragon ba. Ga mahaifiyarka a zaune, ba a taɓa yi mata takwara ba. Gobe Zainabu zan gaya wa liman. In kana da wata hujja, faɗe ta yanzu.

Yunus ya dubi ƙasa. Ya san kalma kaɗan ce za ta warware komai, ya kuma san bayanta sai an tambaye shi dalilin da ya sa bai maido matarsa gida ba.

— Ba ni da magana, Baba.

Bayan magariba ya leƙa ɗakin Fadila. Ya tambaye ta ko ta sha kunun kanwa, ya taɓa goshin jaririya, ya fita.

Da safe maza suka taru a ƙofar gida, aka raba goro da dabino. Alhaji Cha'ibu ya sunkuya ya yi wa liman raɗa, aka yi addu'a, aka shafa. Maroƙi ya ɗaga murya ya ce yarinya ta ci sunan Zainabu, Allah ya raya. Guɗa ta tashi a cikin gida. Mata suka yi ta shiga ɗakin Fadila suna yi mata barka, har da Hanifa, wadda ta ce ashe jiya wasa Jannatu ke yi musu. Fadila ta amsa wa kowa da fara'a daidai gwargwado. Babu wanda ya ga hawayenta.

Tun da sunan uwar miji ne, ba Yunus ba Fadila, babu mai iya kiran yarinyar da shi. Dole a yi mata sunan alkunya, wanda shi ne za a riƙa kira kullum. Wasu suka ce Ummi, wasu suka ce Mama. Hajiya ta ɗaga hannu ta ce takwararta ce, ita za ta zaɓa, kuma ba za ta yi gaggawa ba. Sai Fadila ta dawo daga wankan jego a gidan iyayenta ranar arba'in.

Washegari da hantsi, kafin motar da za ta kai Fadila gidan iyayenta a Dungu ta iso, Yunus ya shiga ya same ta tana ninke kayan jaririya.

— Majo, shekaranjiya ka san za a canza?

— Na sani.

— Ka shigo nan ka tambaye ni kunu.

Ya zauna a bakin gado.

— Sunan Hajiya ba abin ƙi ba ne, in ji Fadila. Da ka ce mini ga abin da aka yanke, da na bi. Amma waccan kwana biyar ta yi tana shan nonona. Ba ta samu suna ba, ba ta samu gaisuwa ba. A gidan nan ko sanin ta zo duniya ba a yi ba. Sunan nan ne kaɗai wurin da na ajiye mata. Jiya ina zaune na ji kamar an sake bizne ta, kai kuma kana waje kana karɓar barka.

— Ki yafe mini, Fadila. Bakina ne ya yi nauyi.

— Shekara uku yana nauyi.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta goya 'yarta, ta je ta durƙusa ta yi wa Hajiya sallama, ta shiga mota.

Kwana arba'in suka cika, Fadila ba ta dawo ba. Aka shiga hamsin. Yunus ya rame. A wurin aiki, duk lokacin da aka kawo masa jariri awo sai ya tsaya yana kallonsa har uwar ta yi gyaran murya. Ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya hau babur ya tafi Dungu. Surukarsa Inna Sa'a ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta kawo fura, ta turo Fadila.

Yarinyar ta yi ɓulɓul. Ya karɓe ta, ya rasa sunan da zai kira ta da shi.

— Yaushe za ki dawo?

— Ban yi yaji ba, Majo, kuma ban gaya wa Inna komai ba. Ina son ka kamar yadda ka sani. Amma duk safiya in na durƙusa gaban Hajiya, da ƙarya nake gaishe ta, don shiruna ma ƙarya ne. Da, ina iya ɗauka. Yanzu na gwada a raina, na ga ba zan iya ba.

— In na faɗa mata, ban san da wane ido za ta sake kallona ba.

— Ban ce ka faɗa ba. Ka tambaye ni ne na amsa.

Ya koma Matameye ba tare da ya taɓa furar ba.

A gida kuwa magana ta riga ta canza salo. Mata na cewa matar Majo ta ƙi dawowa ne don an hana ta sunan Buzaye an ba ta na uwar miji. Maganar ta kai kunnen Hajiya, ta kuma yi mata zafi, domin ta riƙe Fadila kamar 'yar cikinta. Ranar Lahadi da safe, Yunus ya shiga gaishe ta ya tarar ta sa an share ɗakin kusurwar gabas an rufe da kwaɗo.

— Zauna, in ji ta. Na yi shekara sittin da biyar da sunan nan, ban taɓa jin wanda ya yi wa nauyi ba sai matarka. Ban roƙa a yi mini takwara ba. Jibi Alhaji zai je Dungu ya ji ta bakin iyayenta. In zama ne a zauna, in rabuwa ce a yi ta da mutunci. Ba zan riƙe 'yar mutane a kan dole ba.

Yunus ya ɗago kai. Ya ga a fili cewa matar da ta rufa masa asiri shekara uku ita ce za a kai ƙara gaban iyayenta a kan laifinsa, kuma ya san ko a can ba za ta tona shi ba.

— Hajiya, kada Baba ya je. Fadila ba ta da laifi. Ni ne na yi miki ƙarya.

— Wace ƙarya?

— Cikin nan na Timiya bai zube ba. An haihu. Mace ce.

Hajiya ta ajiye carbin da ke hannunta. Ya ba ta labarin tun daga kiran waya na farko da ya ƙi ji, har ruwan da ya yanke hanya, har kwana biyar, har Maryama da tukunyar ruwan zafinta, har alkawarin da ya yi ya karya. Bai rage komai ba, bai kuma nemi uzuri ba. Yana gamawa hawaye na zuba a kan rigarsa.

Sai ta tambaye shi:

— Wa ya yi mata sutura?

— Matan garin.

— Wa ya sallace ta?

— Limaminsu, da ni, da mutum shida.

— Jikata ta fari, in ji Hajiya a hankali. Ina nan ina cin tuwo.

Ta share fuska da gefen mayafi, sa'an nan ta dube shi da idon da ya daɗe yana tsoro.

— Mutuwa ba kai ka kawo ta ba. Ko a ɗakin nan aka haife ta, in kwananta biyar ne, biyar za ta yi. Ƙin jin maganata kuwa ƙuruciya ce, da na yi faɗa na gama tun shekara uku. Abin da ba zan yafe maka da wuri ba shi ne wannan: ni ma na bizne biyu a bayanka, amma nawa an zauna mini, an zo daga Tsauni da Dawce an ce mini ya haƙuri. Ita ka dawo da ita gidan nan ka bar ni ina ce mata ai ɓari ba komai ba ne, kowace mace na yi. Da bakina na faɗa, ba sau ɗaya ba. Ranar jajibiri kuma ina zaune ana yi wa kabarin jikata dariya a tsakar gidana, ban hana ba. Ka sa na ɗauki alhakin da ban san na ɗauka ba.

— Ki gafarce ni, Hajiya.

— Tashi ka nemo mota. Ba Alhaji zai je ba.

Kafin azahar suna Dungu. Inna Sa'a ta rikice da ganin Hajiya Zainabu da kanta, ta yi ta neman shimfiɗa mai kyau. Hajiya ta ce a bar shimfiɗa, a kai ta wurin Fadila. Ta shiga ɗakin, Yunus ya tsaya daga bakin ƙofa. Fadila ta yunƙura za ta durƙusa, Hajiya ta riƙe mata kafaɗa, ta zauna kusa da ita a ƙasa.

— Ba biko na zo ba tukuna. Gaisuwa na zo yi, na makara da shekara uku. Fadila, ya haƙuri? Ya haƙurin rashin 'yarki? Allah ya sa mai ceto ce.

Fadila ta dubi Hajiya. Ta kifa kai a cinyar surukarta ta yi kukan da ba ta yi ba a Timiya, ba ta kuma yi ba ranar suna. Hajiya ba ta ce ta yi shiru ba. Ta bar ta har ta gaji. Inna Sa'a, wadda sai a lokacin ta ji labarin, ta zauna a gefe tana ta salati.

Daga baya Hajiya ta ce a miƙo mata takwararta. Ta ɗora ta a hannu ta daɗe tana dubanta.

— An yanka rago da Zainabu, wannan ya wuce, haka yake a takardar haihuwa ta meri. Amma ku biyu ba ku iya faɗinsa, kuma na ce ni zan zaɓi wanda za a kira. Na zaɓa. Wanda ubanta ya raɗa mata a kunne shi za a riƙa kira, a gida da waje.

Ta sunkuya ga jaririyar.

— Timiya, tashi mu tafi gida.

Ta juya wajen ƙofa.

— Kai kuma shigo. Ni na yi tawa gaisuwar, saura taka.

Yunus ya shigo ya durƙusa gaban matarsa, a gaban uwarsa da surukarsa, abin da bai taɓa zaton zai iya ba. Ya ce ya cuce ta, ya bar ta da kaya ita kaɗai. Fadila ta goge ido ta ce ta yafe, Allah ya yafe musu baki ɗaya. Sa'an nan ta ƙara da cewa furar Juma'a da ya bari Inna ba ta manta ba, gara ya shanye ta yau kafin a tashi.

Ranar da suka dawo Matameye mata suka shigo ganin yarinya. Hanifa ta karɓe ta tana yi mata wasa.

— To Hajiya, wane aka tsayar? Ummi ko Mama?

— Timiya.

Hanifa ta fara murmushi, tana shirin maganar tashar mota. Hajiya ta riga ta.

— Yayarta na kwance a garin, kwana biyar ta yi a duniya. Matan can ne suka yi wa surukata abin da ya kamata ni da ke mu yi mata. Wadda ke da sauran dariya ta yi ta yanzu a gabana, in ji.

Babu wadda ta yi. Hanifa ta gyara wa yarinyar hula, ta ce Allah ya jiƙan ta gaba, ya raya Timiya. Da yamma sai ga ta ta aiko da ƙosai cikin kwano, ba a saya ba.

Yarinyar ta girma, yanzu tana ajin farko a lakkwal. Har yau akwai wanda in ya ji sunan yakan ce wannan kuma daga ina, ita kuwa takan amsa cewa garin yayarta ne. Yunus bai daina jin nauyin abin da ya yi ba, kuma daidai ne kada ya daina. Ƙaryar da ya yi don ya kauce wa faɗan yini ɗaya ta hana matarsa gaisuwa shekara uku, ta sa uwarsa ta yi laifin da ba ta sani ba, ta kusa raba aurensa. Duk wanda ya ɓoye kuskurensa, wani na kusa da shi ne ke ɗaukar nauyin a madadinsa, galibi kuma wanda ya fi son sa. Masu saurin yi wa sunan ɗan wani dariya su ma su riƙa tambaya tukuna, domin ba su san abin da iyayen suka bizne kafin su zaɓe shi ba. Haƙurin Fadila bai tafi a banza ba: sunan da ta roƙa a ɓoye, Hajiya Zainabu ce ke kiran sa da ƙarfi kowace safiya, in za ta ba takwararta kunu.